Tambayoyinku: Bayan an saki ɗan kunya, ta yaya ake sanin inda ya nufa?

Yawancin wasiƙun da suka shigo filin nan a wannan karon a kan ɗan kunya ne, dabbar nan mai ɓawo da ke dunƙulewa kamar gammo da zarar ta ji motsi, wadda Turawa ke kira pangolin. Mun ware waɗanda suka shafi bin sawunsa bayan an mayar da shi daji, muka miƙa wa masu wannan aikin, ga kuma amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin labarin an ƙwato ɗan kunya daga hannun masu fasa-ƙwauri an sake shi a daji. Tunda ya koma gidansa, mene ne kuma na kashe kuɗi a bi shi? Daga wani ɗalibi, Jalingo.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Buɗe akwati a bakin daji aikin minti biyar ne, amma ko dabbar za ta kai wata uku a raye, wannan sai an bi ta ake sani. Ɗan kunyar da aka ƙwato yakan yi kwanaki a cikin buhu ko but ɗin mota, ba ci ba sha. Ruwan jikinsa ya ƙare, sikarin jininsa ya faɗi, sau da yawa kuma da ciwon huhu ko gyambon ciki. Irin wannan dabba tana iya tafiya garau a daren da aka sake ta, sai bayan mako biyu ko uku ta fara ramewa. Kuma galibi ba gidansa ya koma ba, wani dajin ne da bai san ramukansa ba, bai san inda tururuwarsa take ba.

A duba girman abin. Iri takwas aka daɗe da sani a duniya, huɗu a Afirka huɗu a Asiya, kuma a taron CITES, yarjejeniyar da ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, na 2016 a Johannesburg aka haramta cinikin dukkansu tsakanin ƙasashe. Duk da haka, a watan Afrilun 2019 kaɗai hukumomin Singafo sun kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya za su Biyetnam, kowace ɗauke da ɓawo sama da tan 12. Masu rai da ake samu 'yan kaɗan ne, shi ya sa kowane ɗaya ke da daraja, kuma abin da aka koya daga nasa sakin shi ake gyara na gaba da shi.

Tambaya: A jikin zaki da giwa ina ganin ana rataya na'ura a wuya. Shi ɗan kunya a ina ake sa masa, kuma ba ya jin ciwo? Daga wata malamar makaranta, Zariya.

Amsa: Malama, abin wuya ba ya zama a jikinsa. Kansa tsini ne da shi, ba shi da wani wuya da zai riƙe ɗamara, tana sulɓewa, idan kuma aka matse ta za ta hana shi dunƙulewa, alhali dunƙulewar ita ce garkuwarsa. Don haka a jikin ɓawo ake ɗaurawa. Ɓawon da farcenki abu ɗaya ne: gindinsa da ke manne da fata yana da jini da jijiya, bakinsa kuwa ba shi da su.

Ga yadda ake yi. Da farko a auna dabbar, domin nauyin na'ura da nasa ake kwatantawa. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kada ta wuce kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki, masu taka-tsantsan kuma a kashi 3 suke tsayawa. Ɗan kunyar ƙasa na kudancin Afirka mai kilo 8 zai ɗauki giram 240 a kan kashi 3. Irin da ake kira mai farin ciki, wato mai farar fata a ciki, da ke hawa bishiya a dazukan Kuros Riba da Kamaru, idan kilo 2 ne, giram 60 ne iyakarsa, kuma a cikin wannan lissafin har da kusoshi da gam.

Sai a zaɓi babban ɓawo mai kauri a bayan dabbar, wajen ƙugu, kusa da inda wutsiya ta faro. Can ne ba ya tokare ƙasa idan ya dunƙule, kuma ba ya maƙalewa a rufin rami. A guji tsakiyar gindin wutsiya idan mace ce, nan ɗanta ke hawa. A ɗaga ɓawon a hankali, a zura wani faffaɗan ƙarfe mai laushin baki a ƙarƙashinsa don kare na ƙasa da fata, sannan a huda rami biyu da ƙaramin injin huji, a sannu, ba tare da bakin ya yi zafi ba. A sa kusa mai zare ta ƙasa, mai shafaffen kai, notin da washa su kasance a sama. Kusoshin su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. A yanke abin da ya yi saura na kusar, a shafe kan notin da gefen na'urar da gam mai haɗi biyu, irin Araldite, yadda ba za a bar wata kafa da saiwa ko ciyawa za ta shiga ba. Eriyar na'urar ta kalli baya, ta kwanta a kan wutsiya. Idan dabbar ta ƙi sakin jiki, likitan dabbobi ne zai sa mata iskar barci na ɗan lokaci, ba a buɗe ɗan kunya da ƙarfin tsiya.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Huji kusa da baki sosai, sai ɓawon ya tsage na'urar ta faɗi. Huji kusa da gindi, sai jini da ƙwayoyin cuta. Na uku, gam ya zubo ya manne ɓawo biyu wuri guda, dabbar ta kasa lanƙwasa wannan sashen. Akwai kuma na huɗu mai ban haushi: yawancin na'urorin rediyo da ɗan maganaɗisu manne suke zuwa, shi ke kashe su. Wanda ya manta bai ɓalle shi ba ya gwada siginar kafin saki, ya saki dabba da mataccen ƙarfe.

Ko an yi komai daidai, na'urar ba ta dawwama a jikinsa. Ɓawon yana tsirowa daga gindi yana cinyewa daga baki, saboda haka ramukan suna matsowa gaba har wata rana su fita. Na masu hawa bishiya ɓawonsu siriri ne, sun fi saurin yar da ita.

Tambaya: Ina jin ana cewa VHF, ana cewa GPS. Ba sai a sa GPS kawai a zauna a ofis ana kallo a kwamfuta ba? Daga wani mai gyaran waya, Kano.

Amsa: Da haka abin yake da an huta. Na'urar VHF ƙaramin gidan rediyo ce da ba ta san komai ba sai ƙara, ƙit, ƙit, kamar sau 40 zuwa 60 a minti, a kan mitar da aka ware mata, galibi a kewayen megahaz 148 zuwa 152. Ba ta da nauyi, batirinta yakan yi shekara ko fiye gwargwadon girmansa, amma sai mutum ya taka da ƙafarsa ya nemo ta. GPS kuwa sauraron taurarin ɗan'adam take yi ta lissafa inda take, kuma tana buƙatar aƙalla huɗu kafin ta ba da wuri mai kyau. Wata takan ajiye bayanan a cikinta sai an ciro ta, wata ta tura ta tauraron ɗan'adam ko ta wata hasumiya da aka kafa a gandun.

Matsalar ita ce ɗan kunya ya fi daɗewa a inda sama ba ta ganinsa. Na ƙasa yana wuni a ramin dabgi ko na beguwa ko na gadu, domin shi ba kasafai yake haƙa nasa ba. Na bishiya yana kogon itace a ƙarƙashin duhuwar kurmi. A irin waɗannan wurare GPS takan yi ta lalube tana shan batir ba ta samu komai ba. Kai da ke gyaran waya ka san yadda waya ke zuƙe caji a inda babu sabis, to haka ne. Maganinsa a saita ta da daina nema bayan daƙiƙa 60 zuwa 90, a kuma tsara ta da aiki a lokacin da dabbar ke fita. Awa-awa daga shida na yamma zuwa shida na safe zai ba da wuri 13 a dare idan duk sun samu. Wasu na'urorin suna da ma'aunin motsi a ciki, ba sa kunna GPS sai sun ji dabbar na tafiya, kuma wannan ma'aunin ne ke nuna ƙarfe nawa ya fito, awa nawa ya yi yana kiwo. Faifan sola ba shi da wani amfani a bayan dabbar da ke kwana a rami da rana.

A nan akwai tarko. A hamadar Kalahari an ga na ƙasa suna komawa fita da rana a lokacin sanyi, saboda tururuwa na lafewa da dare kuma su kansu ba sa jure sanyi. Wanda ya saita na'urarsa dare zalla zai ga kamar dabbar ta daina motsi. Sai a bar wuri biyu ko uku na rana a cikin tsarin.

Shi ya sa a manyan ayyuka, irin na gandun Phinda a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu inda aka fara mayar da su a 2019, ake haɗa biyun a jikin dabba ɗaya. Ta tauraron ɗan'adam ta ce yana wancan kwarin, ta rediyo ta kai ka bakin ramin. Ga ƙananan masu hawa bishiya, nauyi ba ya bari, sau da yawa VHF kaɗai ake sawa.

Tambaya: Ni ma'aikacin gandun daji ne. An ba mu rediyo da eriya mai kama da ta talabijin, amma sai mu yi ta zagaye ba mu ga dabba ba. Ina kuskuren yake? Daga jihar Taraba.

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Fara daga tudu. Siginar VHF a miƙe take tafiya, dutse da tudu suna tare ta, don haka hau wuri mafi tsayi, ka ɗaga eriyar sama da kanka, ka juya a hankali zagaye guda cikakke. Kada ka tsaya a inda ka fara jin ƙara. Eriyar tana ji ta baya ma, da rauni, kuma mutane da yawa sun yi tafiyar awa guda suna ba dabbar baya saboda haka. Ka rage ƙarfin karɓar rediyon har ƙarar ta kusa ɓacewa, ka lura da gefen dama inda ta ɗauke da gefen hagu inda ta ɗauke. Tsakiyarsu nan ne hanyarka. Ka gwada eriyar a kwance, ka gwada ta a tsaye, domin ba ka san yadda ta jikin dabbar ta kwanta ba. Ka kuma ɗan matsa mitar sama ko ƙasa kaɗan, zafi da tsufan batir suna gusar da ita.

Idan wurin kawai kake so a taswira ba tare da ka matsa kusa ba, ka ɗauki alƙibla da kamfas daga wuri uku, kana rubuta inda ka tsaya da GPS na hannu. Layukan su haɗu a kusurwa tsakanin digiri 60 da 120, kuma a gama duka cikin minti 15, in ba haka ba dabbar ta matsa. Ka nisanta kamfas daga eriya da mota da bindiga. Kuskuren digiri 5 a nisan kilomita ɗaya yana kauce wa wuri da kusan mita 87, a nisan mita 500 kuma kusan 44. Ga dabbar da duk yankinta hekta uku ne, wannan kuskuren ya isa ya fitar da ita daga gidanta a takarda.

Zagayen da kuke yi yakan fito daga abu biyu. Ko dai siginar tana dukan dutse tana dawowa, sai ku bi amsa-kuwwa, ko kuma kun iso kusa sosai har ƙarar ta cika ko'ina. Na farko, ku canza wuri da mita ɗari biyu ku sake ji; alƙiblar gaskiya takan daidaita, ta ƙarya takan yi tsalle. Na biyu, ku rage ƙarfi har ƙasa, in ya ƙi ku cire eriyar ku yi amfani da guntun waya kawai, sannan ku duba sama. Mai farin ciki yana iya kasancewa a kogon reshe daidai kanku.

Idan kuma shiru ne gaba ɗaya, kada ku yanke cewa ya bar yankin. Na'urar da ake ji daga kilomita biyu ko uku a fili, a cikin rami mai zurfi ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mita, wani lokaci ƙasa da haka. Ku dawo bayan magariba lokacin da ya fito. A Biyetnam ƙungiyar Save Vietnam's Wildlife tana ɗora na'urar sauraro a kan jirgi marar matuƙi don irin wannan matsalar a dazuka masu tsaunuka.

In kun gan shi, ku tsaya ta inda iska ba za ta kai masa warinku ba, kamar mita 15 zuwa 20, da jar fitila, ba magana. Ganinsa ba shi da ƙarfi amma hancinsa da kunnensa suna aiki. Duk minti goma da ya yi a dunƙule saboda ku, minti goma ne na kiwo ya rasa.

Tambaya: Idan sigina ta kwana biyu a wuri ɗaya, ya mutu ke nan? Daga wani mai karatu, Marwa, Kamaru.

Amsa: Ba lallai ba. Yawancin na'urori suna da alamar mutuwa: idan sun yi wasu awoyi ba motsi, ƙarar takan ninka sauri. Ga ɗan kunya a saita wannan da tsawo, awa 24 misali, domin barcinsa ma ya isa ya tayar da ita. Abu huɗu ne za a yi zato: yana hutawa, mace ce ta haihu, na'urar ta faɗi a rami, ko ya mutu. A share bakin ramin a baza yashi mai laushi don ganin sawu, a kafa kyamara mai ɗaukar hoto da kanta. Kada a yi gaggawar haƙa, rami yana ruftawa, kuma maciji ko beguwa na iya zama a ciki. Idan an samu na'urar a fili da alamun haƙori, zaki ko kura ne suka gwada shi, kuma sau da yawa shi ya tsira. Idan an ga kusoshin an kwance su tsaf ko an yanke ɓawon da wuƙa, wannan hannun mutum ne, sai a sanar da jami'an tsaro nan take.

Akasin wannan tambayar ya fi haɗari. Sigina mai motsi ba ta nufin lafiya. Dabbar da yunwa ke ci takan yi ta yawo, a taswira kuma sai ta yi kama da mai kuzari. Gani ya kori ji: a makon farko a je kowane dare, a sa shi a jaka a rataya a sikeli, a lokaci ɗaya kullum, zai fi kyau da fitowarsa kafin ya ci. Daga nan a koma sau biyu a mako, sannan sau ɗaya, bayan wata uku kuma sau ɗaya a wata har shekara. Ɗan faɗuwar nauyi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan ya yi ta sauka har ya kusa kashi 10 cikin ɗari, wato giram 800 ga mai kilo 8, shawararmu a ɗauke shi a kai wa likita. Na ƙasa mai lafiya da ƙafafun baya yake tafiya, wutsiya a ɗage. In aka ga yana jan ta a ƙasa, ko yana dunƙulewa sako-sako, ba sai an jira sikeli ba.

Tambaya: Nawa ne faɗin yankin da ɗan kunya ɗaya ke yawo, kuma ta yaya ake lissafa shi? Daga wata ɗalibar jami'a, Maiduguri.

Amsa: Ya danganta da iri da kuma yalwar abinci. Binciken da aka yi a Kalahari ya ba manyan na ƙasa kimanin murabba'in kilomita 10. Wani tsohon bincike a Gabon ya ba namijin mai farin ciki hekta 20 zuwa 30, mace kuma hekta 3 zuwa 4. Hekta ɗari ne murabba'in kilomita ɗaya, kin ga tazarar.

Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba wuraren a taswira, da manhaja irin QGIS wadda kyauta ce, a ja layi a kewaye na can waje. Aibinta, fita ɗaya mai nisa takan kumbura yankin da filin da dabbar ba ta amfani da shi. Hanya ta biyu tana duba inda wuraren suka fi cunkoso, ta fitar da yankin da ya ƙunshi kashi 95 cikin ɗari na yawonsa da kuma cibiyar da ta ƙunshi kashi 50, inda galibi ramukan kwana suke. Kowace aka ɗauka, ana son aƙalla wuri 30, hamsin ya fi, kuma a warwatse cikin makonni. Wuri hamsin na dare ɗaya labarin dare ɗaya ne. A zana jadawalin faɗi a kan yawan wurare. Sai layin ya kwanta, wato faɗin ya daina ƙaruwa duk da ƙarin wurare, ake cewa an samu yankin.

Ga ɗan kunyar da aka mayar daji, kada ki haɗa makonnin farko da na baya. Da farko lalube yake yi, wani ma yakan miƙe hanya ɗaya kilomita da dama, musamman in akwai namiji mai wurin da ya kore shi. Abin da za ki auna a lokacin shi ne nisansa daga wurin saki kowace rana, da yawan ramukan da yake komawa karo na biyu. Ranar da ya fara maimaita ramuka, ya fara zama. Wannan miƙewar ce kuma ke kai su titi ko gona ko shingen lantarki. A Afirka ta Kudu shingen na kashe su da yawa: wayar ƙasa ta taɓa cikinsa marar ɓawo, shi kuma ya dunƙule a kanta. Don haka ake zana iyaka a kwamfuta, na'urar ta turo saƙo idan ya doshi wurin, a je a dawo da shi.

Tambaya: Akwai shafin da mutum zai shiga ya ga inda suke a taswira? Daga wani matashi, Yamai.

Amsa: Babu, kuma da gangan ne. Taswirar da ke nuna ramin ɗan kunya ita ce abin da mafarauci ke nema. Mitar kowace na'ura mutum biyu ko uku ne ke riƙe da ita, ba a rubuta ta a jikin rediyo ko a tura ta a zauren WhatsApp. Masu ajiye bayanansu a rumbun Movebank na cibiyar Max Planck ta Jamus suna kulle na irin waɗannan dabbobi, a rahoto kuma a kan ba da sunan yanki kawai. Hoton waya ma yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi a ɓoye a cikinsa, sai a kashe wannan saitin kafin a shiga daji. Masu bin sawu kuma su riƙa canza hanya, domin zuwa rami ɗaya ta turba ɗaya dare bakwai a jere yana barin sawun da kowa zai iya bi.